Kundin aiki: neman manhajar da zan fara tace bidiyon jirgi marar matuƙi da ita

Litinin, 3 ga Maris 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta abin da na gwada da abin da ya biyo baya, saboda na lura cewa idan ban rubuta ba, bayan mako guda nakan manta wace manhaja ce ta yi mini abin da nake so, wace ce kuma ta gaza. Aikin da ke gabana ba mai girma ba ne. Ina da bidiyo na minti 47 da na ɗauka a bakin wani kogi cikin fita uku, da ƙaramin jirgi marar matuƙi samfurin DJI Mini 4 Pro, wanda nauyinsa bai kai giram 250 ba, kuma burina shi ne in fitar da fim na minti uku daga ciki, mai tsabtar launi, wanda mai kallo zai zauna ya gani har ƙarshe ba tare da idonsa ya gaji ba. Ban taɓa tace bidiyo ba, in ban da yanke farko da ƙarshe a waya.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne nauyin kayan. Jirgin yana iya rubuta bayanai har megabit 150 a kowace daƙiƙa, wanda idan aka yi lissafi ya zarce gigabait ɗaya a kowane minti, don haka fita ukun nan sun cinye mini kusan gigabait 50. Na kwafe komai daga katin memori zuwa faifan SSD na kwamfuta, na sake yin kwafi na biyu a wani faifai na waje, kuma ban goge katin ba sai da na buɗe fayiloli a wuraren biyu na tabbatar suna wasa. Kwamfutar tafi-da-gidanka ce mai Windows 11, da RAM gigabait 16 da ƙaramin katin girafik, shekararta huɗu a hannuna. Ba ni da niyyar sauya ta saboda wannan aiki, wato dole manhajar da zan zaɓa ta zauna lafiya da ita kamar yadda take.

Laraba, 5 ga Maris

Kwana biyu na yi ina karanta jerin abubuwan da kowace manhaja ke iyawa, na kuma ga cewa wannan hanya ba za ta kai ni ko'ina ba, domin kowace tana cewa tana yanka, tana gyara launi, tana rage gudu, tana fitar da 4K. Gani ya kori ji. Na yanke shawarar ware yankuna uku daga cikin bidiyona, waɗanda suka fi wahala, in ba kowace manhaja su, in ga yadda za ta yi da su a kan kwamfutata.

Na farko daƙiƙa 40 ne, jirgin yana tafiya gaba ƙasa-ƙasa a kan ruwa, bishiyoyi masu cunkoson ganye suna wucewa dama da hagu, iska tana kaɗa su. Irin wannan hoto babu wani ɓangare nasa da ke tsaye, kowane ganye yana motsi, don haka shi ne zai fi gwada ƙarfin kwamfuta. Na biyu sararin sama ne gab da faɗuwar rana, inda launi ke sauka a hankali daga shuɗi mai duhu a sama zuwa ruwan lemo a gindin gajimare, babu wani abu a tsakani da zai ɓoye aibi idan launin ya tsage. Na uku kewaye ne da na yi wa wata bishiya da ke tsaye ita kaɗai a tsakiyar fili, wanda ya fara da kyau, amma a daƙiƙa ta 12 babban yatsana ya zame a kan sandar juyawa, hoton ya fizga gefe kafin ya koma kan hanya. A kansa zan gwada yanka da rage gudu.

Dukkansu na ɗauke su a 4K, wato 3840 sau 2160, firam 60, wato hotuna 60, a daƙiƙa, da tsarin launi na D-Log M. Wani ne ya ba ni shawarar wannan tsari kafin fitar farko, na bi ba tare da na fahimci abin da zai jawo a wajen tacewa ba. Idan na buɗe fayil ɗin yanzu, korayen ganye suna fitowa kamar tsohon yadin da ya sha wanki ya koɗe.

Asabar, 8 ga Maris

Yau na rage jerin. iMovie, wadda kowa ke yabon sauƙinta, tana aiki ne a na'urorin Apple kaɗai, haka ma Final Cut Pro, don haka ba su shafe ni ba. Ko da ma ina da Mac, iMovie ba ta da wurin shigar da LUT, wato fayil ɗin da ke fassara launi, kai-tsaye, kuma na fara fahimtar cewa ba zan iya yin komai da bidiyona ba sai da shi. Clipchamp, wadda Microsoft ya saya a 2021 ya kuma sanya ta cikin Windows 11, tana nan a kwamfutata tun asali, sai dai sigarta ta kyauta tana tsayawa ne a 1080p wajen fitarwa. Adobe Premiere Pro ta biyan kuɗin rajista ce mai maimaituwa, ni kuwa ban ga hikimar ɗaukar wannan nauyi ba tun kafin in san ko zan ɗore da aikin. Filmora tana da sauƙin sha'ani, amma sigar gwajinta tana manna tambari a jikin bidiyon da aka fitar.

Uku suka rage: CapCut ta kamfanin ByteDance, Shotcut wadda buɗaɗɗiyar manhaja ce ta kyauta, da DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya, sigar kyauta. Akwai kuma abin tacewa a cikin manhajar DJI Fly da ake sarrafa jirgin da ita a waya, wanda ya isa idan mutum yana son tura ɗan gajeren abu nan take daga fili, amma fim na minti uku mai buƙatar nutsuwa ba zan yi shi a allon waya ba.

Talata, 11 ga Maris

Na sanya yankin kogin a manhajojin uku ɗaya bayan ɗaya, kuma dukkansu sun yi abu iri ɗaya: daƙiƙa biyu ko uku na farko suna tafiya daidai, daga nan sai hoton ya fara ɗingishi, fankar kwamfuta ta ɗaga murya, idan na ja alamar baya kuwa sai allon ya daskare na ɗan lokaci kafin ya farfaɗo. Tun da abin ya faru a wurare uku, na san matsalar ba ta manhaja ba ce, tsakanin fayil ɗin ne da kwamfutata. Na kwana biyu ina bin diddigin dalili, kuma ina ganin abin da na gano shi ne mafi muhimmanci a duk wannan bincike.

Jirgin yana matse bidiyo da tsarin H.265, wanda ake kira HEVC, wanda aka amince da shi a 2013 a matsayin magajin H.264 na 2003. Hikimar wannan tsari ita ce ba ya ajiye kowane firam a matsayin cikakken hoto. Yana ajiye cikakken hoto ɗaya, sa'an nan firam ɗin da ke biye ba a rubuta musu komai sai bambancin da ke tsakaninsu da maƙwabtansu, wasu ma suna dogara ne da firam ɗin da ke gabansu da wanda ke bayansu a lokaci guda. Wannan yana rage girman fayil ƙwarai, kuma ga mai kallo daga farko zuwa ƙarshe babu wata damuwa. Amma mai tacewa ba haka yake kallo ba: yana tsalle gaba, ya dawo baya, ya tsaya a tsakiya, kuma duk inda ya tsaya dole kwamfuta ta koma ga cikakken hoton da ya gabata ta sake gina komai har zuwa wurin. Idan aka haɗa wannan da 4K, da firam 60, da launi mai bit 10, wato mai yawan matakan launi, da ganyen da ba ya tsayawa, an ɗora wa tsohuwar kwamfuta kayan da ya fi ƙarfinta.

Maganin da masu sana'ar ke amfani da shi shi ne furoksi, wato ƙaramin kwafi marar nauyi na kowane fayil, wanda ake yin yanka da jeri a kansa, sai a lokacin fitarwa manhajar ta koma ga fayil na asali mai cikakken inganci. Yanzu na gane amfanin fayilolin LRF da na tarar a katin kusa da kowane bidiyo, waɗanda na so in goge: ƙananan kwafi ne da jirgin ke yi da kansa domin saurin dubawa. Dukkan manhajoji ukun suna da hanyar yin furoksi, kuma da na kunna ta, yankin kogin ya gudana sumul a kowace. Daga yau na sanya wannan a matsayin sharaɗi na farko. Manhajar da ba ta da furoksi, ko wadda ta ɓoye shi inda sabon shiga ba zai gano ba, ba ta dace da bidiyon jirgi ba komai kyawun fuskarta, sai fa ga mai sabuwar kwamfuta wadda katin girafik ɗinta ke warware H.265 da kansa.

Alhamis, 13 ga Maris

Yamma ɗaya na yi da CapCut, kuma kafin in tashi na riga na haɗa yankuna ukun, na yanke fizgar da ke cikin kewayen bishiyar, na rage gudu, na sanya rubutu a farko. Gaskiya ne abin da ake faɗa game da sauƙinta. Komai yana inda ido zai fara nema, ana jawo fayil a ajiye a layin jeri, a danna almakashi, a goge abin da ba a so. Tana karɓar LUT a sigar kwamfuta, kuma sauya siffar allo daga kwance zuwa tsaye dannawa ɗaya ce.

Abin da ya ɗan tsaya mini a rai shi ne an gina ta ne domin gajerun bidiyon kafafen sada zumunta masu saurin sauyi, don haka rabin abin da ke gaban mutum kayan ado ne: juye-juyen hoto, walƙiya, rubutu mai rawa, wasu daga ciki da alamar cewa sai an biya. Bidiyon sama ba ya son wannan. Kyawunsa yana cikin tafiya a hankali da faɗin wuri, kuma na ga yadda cikin minti kaɗan na fara sanya abubuwan da sai washegari na gane sun ɓata hoton kogin, na cire su duka.

Lahadi, 16 ga Maris

Shotcut ba ta da kwalliya, kuma ta ɗauke ni lokaci fiye da CapCut kafin in gane tsarinta, domin kusan duk gyara a cikinta ana yin sa ne ta hanyar ɗora wa yanki abin da take kira filta, har da girma da launi da LUT. Amma da zarar an kama wannan tunani, sai komai ya zama a bayyane. Tana amfani da FFmpeg, kayan aikin karanta nau'o'in fayilolin bidiyo, wanda shi ya sa ta buɗe fayilolina ba tare da tambaya ba, ba ta neman a buɗe asusu, ba ta neman intanet, kuma ita ce mafi sauƙin nauyi a kan kwamfutata. Tun 2020 take da furoksi da kuma damar rage ingancin hoton dubawa. Ina girmama wannan manhaja, kuma ga wanda kwamfutarsa ta fi tawa rauni ita zan fara ambata masa. Inda na ji ƙunci shi ne wajen launi, domin ina ta buɗe filta ɗaya ina rufe wani, alhali ina son in ga komai a gabana lokaci guda.

Alhamis, 20 ga Maris

Na jinkirta zama in koyi DaVinci Resolve saboda tsoron da ake ba mutane game da ita, kuma ranar farko tsoron bai zama banza ba. A ƙasan allo akwai shafuka bakwai: Media, Cut, Edit, Fusion, Color, Fairlight da Deliver, kowanne kamar manhaja ce mai zaman kanta. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne na gane ba dole ba ne in taɓa dukkansu. Fusion na haɗa siddabarun hoto ne, Fairlight na aikin sauti mai zurfi, fim ɗina kuwa ba ya buƙatar ko ɗaya. Shafin Cut, wanda aka ƙara a siga ta 16 a 2019 domin saurin yanka, da Color da Deliver sun ishe ni. Sigar kyauta ba ta sanya tambari a aikin yau da kullum, kuma tana fitarwa har 3840 sau 2160 a firam 60, daidai da abin da jirgina ke ɗauka.

Na karanta takardar kamfanin mai lissafa nau'o'in fayil da manhajar ke karɓa, na ga akwai bambanci tsakanin sigar kyauta da ta Studio wadda ake saya, da kuma tsakanin Windows da Mac da Linux, musamman kan fayiloli masu bit 10. Domin in kawar da shakka, na yi amfani da Shutter Encoder, wata manhaja ta kyauta, na mayar da yankunan da na zaɓa zuwa DNxHR HQX, tsarin kamfanin Avid wanda ke ajiye kowane firam a matsayin cikakken hoto. Girman fayil ya ninka sau da yawa, shi ya sa ban mayar da minti 47 ɗin duka ba, sai abin da na tabbatar zan yi amfani da shi.

A nan na yi kuskuren da ya ci mini dare guda. Lokacin da na shigo da fayil na farko, manhajar ta tambaye ni ko ta daidaita yawan firam na aikin da na fayil ɗin, ni kuma na ƙi, sai aikin ya zauna a firam 24. Na yanka, na jera, sai na ga duk inda jirgin ya juya gefe hoton yana ɗan tsalle-tsalle ko da furoksi yana kunne. Dalilin lissafi ne kawai: 60 ba ya rabuwa da 24 daidai, biyu da rabi ne, don haka manhajar tana zubar da firam ba bisa tazara ɗaya ba, ido kuwa yana kama wannan nan da nan a hoton da ke tafiya a hankali. Layin jeri idan an riga an ƙirƙire shi ba a sauya masa yawan firam, sai na buɗe sabo a 29.97, wanda shi ne rabin 59.94 da jirgin ke ɗauka a zahiri. Yanzu kowane yanki yana da hanya biyu masu tsabta: ko ya tafi da gudunsa na asali, ko a rage shi zuwa rabi, inda kowane firam da aka ɗauka zai bayyana sau ɗaya. Kewayen bishiyar a rabin gudu ya zama abin da na yi fata tun ina filin, kuma daƙiƙa 11 na kafin fizgar sun zama 22, sun ishe ni ba tare da na taɓa wurin da ya lalace ba.

Talata, 25 ga Maris

Kwana huɗu ke nan ina kan launi, kuma a nan ne bambancin manhajojin ya fito fili. D-Log M ba lalacewa ba ce, da gangan kyamara ke matse haske da duhu zuwa tsakiya domin kada farin gajimare ya ƙone, kada kuma inuwar gindin bishiya ta zama baƙi wuluk. Aikin mai tacewa shi ne ya mayar da wannan hoto zuwa Rec.709, ma'aunin launin da yawancin allunan talabijin da kwamfuta ke bi, kuma LUT shi ne teburin da ke yin wannan fassara, yana cewa wannan launi ya koma wancan. DJI yana ba da nasa LUT na D-Log M zuwa Rec.709 a shafinsa, fayil ne ƙarami mai ƙarewa da .cube, shi na sauke na yi amfani da shi a manhajoji ukun.

Da na ɗora shi kai-tsaye a kan yankin faɗuwar rana, ganye ya dawo kore, amma gajimaren da ke kusa da rana ya zama fari fat, babu zane a jikinsa. Na ɗauka bayanan sun tafi. Sai na koyi cewa tsarin jeri ne ke da muhimmanci: idan aka rage haske bayan LUT, ana rage farin da ya riga ya ƙone ne, sai ya zama ruwan toka marar komai, idan kuwa aka rage kafin LUT, ana aiki ne da duk abin da kyamara ta kama. A shafin Color na Resolve gyare-gyare suna zama a cikin akwatuna da aka haɗa da zare daga hagu zuwa dama, don haka na sanya akwati ɗaya na haske, na biyu na daidaita fari, na uku na LUT. Na sauke hasken akwatin farko kaɗan-kaɗan ina kallon ma'aunin da ke gefe, wanda ke nuna haske daga 0 zuwa 1023, har tsinin da ya manne a rufin ma'aunin ya sauko. A kan allo sai ga gefen gajimaren ya bayyana, da wani siririn layi mai ruwan zinariya wanda na gani da idona a ranar, na kuma ɗauka kyamara ba ta kama shi ba. Na daɗe ina kallonsa.

A wannan yankin ne kuma na ga amfanin bit 10. Hoto mai bit 8 yana da matakai 256 ga kowane launi na asali, mai bit 10 yana da 1024. A cikin ganye ba a ganin bambancin, amma a sararin sama mai santsi, idan aka ja hasken da ƙarfi, ƙarancin matakai yana fitowa kamar zobba a jere. Ana iya jera gyara kafin LUT a Shotcut ma ta hanyar tsara filtoci, amma ganin akwatunan da ma'aunin a allo ɗaya ya sa na fahimci abin da nake yi, ba wai ina murɗa maɓalli ina jiran sa'a ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Jirgin ba shi da makirufo, don haka fim ɗin shiru yake ɗungurungum. Na ɗauko kiɗa marar hani daga ɗakin sautin YouTube, domin tsarin Content ID na YouTube yana gano kiɗan da ke da mai shi, na kuma ɗora ƙarar ruwa da iska a ƙarƙashinsa, waɗanda na naɗa da waya a fita ta uku. Na cire wani yanki na daƙiƙa shida da nake so, saboda da na duba shi a babban allo na ga tsakar gidan wasu mutane a kusurwar hagu, har da shanyarsu, kuma babu wanda ya ba ni izinin nuna ta.

Laraba, 2 ga Afrilu

Akwai aibi ɗaya a yankin kogin da na gwada gyarawa a manhajoji ukun ban yi nasara ba: ganyen da ke wucewa kusa da kyamara yana tafiya ne a tsinke-tsinke, kowane firam kaifi ne kamar hoton tsaye. Na buɗe fayil ɗin SRT da jirgin ke rubutawa tare da bidiyo idan an kunna masa, wanda ke ɗauke da bayanan kyamara na kowane lokaci, na ga saurin shota, wato lokacin da kyamara ke buɗe wa haske a kowane firam, ya kai 1/2000 na daƙiƙa. Ƙa'idar da masu ɗaukar fim ke bi ita ce shota ta zama kusan ninki biyu na yawan firam, wato kusan 1/120 ga firam 60, domin abin da ke motsi ya ɗan yi hazo kamar yadda ido ya saba gani. Ƙofar hasken kyamarar Mini 4 Pro a tsaye take a f/1.7, ba a ƙara ta ba a rage ta, don haka da rana babu hanyar sassauta shota sai da gilashin rage haske na ND. Daga 1/2000 zuwa 1/125 mataki huɗu ne, wanda ya yi daidai da ND16. Wannan gyara na fili ne, ba na tebur ba, kuma dole in koma in sake ɗaukar yankin.

Game da zaɓin kuwa, na tsaya a kan Resolve domin babban fim ɗin. Da an tambaye ni ranar 13 ga Maris, da CapCut zan ce ba tare da jinkiri ba, domin a ranar ita ce ta ba ni abin gani cikin yamma ɗaya. Amma wahalhalu ukun da bidiyon jirgi ya kawo mini, nauyin fayil, rabon firam da launin D-Log M, duk sun taso ne bayan ranar farko, kuma Resolve ce ta nuna mini su a fili ta kuma ba ni kayan auna su. Ta buƙaci mako guda na haƙuri, tana kuma cin RAM har sai na rufe komai kafin in buɗe ta. Wanda ke ɗauka da launi na yau da kullum, wanda ba ya buƙatar LUT, kuma gajerun bidiyo yake so, ba zan ce ya bi hanyata ba. Ni ma zan bar CapCut a kwamfutar domin sigar tsaye: idan aka yanki tsakiyar hoton 4K a siffar 9:16 ana samun faɗin fiksel 1215 da tsawon 2160, wanda ya wadatar ga 1080 sau 1920.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na fitar da daftarin farko, minti uku da daƙiƙa takwas. A shafin Deliver na zaɓi H.264 a 4K, na ƙayyade megabit 45 a daƙiƙa, domin YouTube yana ba da shawarar 35 zuwa 45 ga 4K mai firam 24 zuwa 30, kuma hoto mai yawan ganye yana buƙatar iyakar sama. Fayil ɗin ya fito kusan gigabait ɗaya. Kafin in danna fitarwa na tabbatar manhajar tana komawa ga fayilolin asali ba furoksi ba, na kuma kalli sakamakon a allo uku: kwamfuta, waya da talabijin. A waya inuwar bakin kogin ta yi duhu fiye da yadda na zata, don haka zan ɗaga ta kaɗan a akwatin farko.

Abin da ya rage a wannan mako shi ne in koma kogin da ND16 da ND64 a aljihu, a irin lokacin da na fita karon farko domin hasken ya dace da sauran yankunan, in sake tafiyar nan ta ƙasa-ƙasa sau uku aƙalla, in kuma riƙe kowane motsi daƙiƙa biyar kafin da bayan inda nake ganin zan yanka, domin a yankuna biyu na rasa wurin sassauta shiga daga yanki zuwa wani. Na bar gurbin daƙiƙa 20 a layin jeri, daga minti ɗaya da daƙiƙa 14, da alama ja a kansa. Idan yanayi ya ba da dama, in Allah ya yarda, ranar Asabar zan fita.